Ƙofar Dutsi ta Siminti

Abu na farko da na gina dalar Masar ce, kuma kaza ce ta fara cin moriyarta. Da fasassun bulo na haɗa ta a kusurwar tsakar gidanmu da ke Unguwar Kanawa a Kaduna, tsayinta bai wuce gwiwata ba, na bar mata 'yar ƙofa ta gefe kamar yadda na gani a waya. Ba a jima ba kazar gidan ta shige ta yi ƙwai a ciki. Harira, matata, ta ce wannan ne karo na farko da aikin hannuna ya kawo abinci gidan nan tun da injin buga allo ya shigo gari.

Ba ta yi ƙarya ba. Sana'ata rubutun allon shaguna ce, da buroshi da fenti, a wata rumfa bayan Babbar Kasuwa. Da can har jirana ake yi. Yanzu matashi zai danna kwamfuta, inji ya tofo allo har da hoton kifi yana murmushi, ni kuwa in yini ina korar ƙuda daga bakin gwangwanin fenti. Hannun da ya saba motsi bai iya zama ba, shi ya sa nawa ya nemo wa kansa abin kunya: kwaikwayon tsofaffin duwatsun duniya a tsakar gida.

Bayan dala sai na yi wata da'irar duwatsu ta ƙasar Turawa, wadda aka ce ba a san wanda ya kafa ta ba. Da sandunan sabulun wanki na yi ta, tsaye-tsaye, wasu a gicciye bisa wasu. Ranar wanki na dawo na tarar ginshiƙai biyu sun yi layar zana.

"Baban Atika, ai na Turawan ma na ga rabinsu a zube suke," in ji Harira, tana matse rigata. "Taya ka na yi ya ƙara kama."

Haka muke zaune, ni da duwatsuna da mai rusa su, har Inna ta zo.

Inna Dije mahaifiyata ce. A bayan babbar mota ta iso tare da ragowar mutanen garinmu, Tungar Baushe, can cikin Zamfara, lokacin da 'yan bindiga suka aiko cewa kowa ya tashi. Ta sauka da zanen jikinta da wani ƙulli da ba ta yarda kowa ya taɓa. Muka ba ta ɗakin da ke kallon tsakar gida. Ta ajiye ƙullin a bayan ƙofa, ba ta kwance ba, kamar mai jiran mota. Duwatsuna kuwa ko kallon banza ba ta yi musu ba. Ni ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so na, sai ta ce "kai", in tana magana a kaina, sai ta ce "wanga mutum".

Damina ta wuce, wata ta kama. Wata safiya ina shan koko ta fito ta tsaya a kaina.

"Kai, gida za ni."

"Wane gidan, Inna?"

"Gida nawa gare ni?"

Na ajiye kofi na fara jero mata abin da ta riga ta sani: babu kowa a garin, hanyar ba ta biyuwa, ko direbobi ba sa wuce mararraba, wanda ya gwada kwanan baya har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Ta bar ni na gama kamar mai sauraren rediyo.

"Ba zama za ni yi ba. Tsakuwata zan aje in dawo."

Sai na gane.

A bakin tsohuwar hanyar garinmu akwai wasu duwatsu uku da muke kira Ƙofar Dutsi: biyu a tsaye, ɗaya shimfiɗe a kansu. Ba wanda ya san wa ya kafa su. Kakannin kakanninmu a haka suka tarar. Al'adar ita ce, duk wanda zai yi tafiya ya ɗauki tsakuwa ya ɗora a kan dutsen sama, ya bi ta ƙarƙashi ya wuce. Ranar da ya dawo ya ɗauke abarsa. Ba bauta ba ce, ba roƙo ba, liman ma yana yi in za shi Gusau. Sanarwa ce kawai ga gari cewa wane ya fita, kuma yana nan dawowa. To ranar da aka gudu, ta sabuwar hanya motar ta bi, ta bayan kasuwa, ba wanda ya ko hangi Ƙofar. Inna ta bar garin da aka haife ta, ta yi aure, ta binne mijinta, ba ta ajiye tsakuwa ba.

"Garin bai san ina dawowa ba," ta ce. "Ya ɗauka na tahi ke nan."

"Inna, gari ba ya ɗaukar komai. Katanga ce da rumbu."

"Awo. Kai ma ai siminti ne da sabulu."

Harira ta shige kicin da sauri, ina jin ta tana tari irin na mai danne dariya.

Na san Inna. Ta riga ta tambayi maƙwabta inda ake hawa motar Gusau, an ce mata tashar Kawo. Ta ce da zarar ruwa ya ɗauke tafiya za ta yi, ko da rakiya ko babu. Kulle ta ba zai yiwu ba, kuma bakina bai taɓa cin nata ba tun ina goye. Abu ɗaya na iya a duniya wanda ba na cin abinci da shi, sai na ce bari in gwada shi.

Na roƙo fasassun bulo a wani gini da ke Unguwar Rimi, mai gadin ya ba ni yana kallona kamar wanda ya taɓu. Na samo guntayen rodi da buhun siminti. Na rushe dalar Masar don samun wuri, kaza ta yi ta bina da tsiwa. Inna na ɗaki tana lazimi, ni ina waje ina kwaɓa. Yadda na tuna Ƙofar haka na yi ta: doguwa, ƙatuwa, mutum ya shige da hularsa bai taɓa sama ba. Har ta leƙa ta kan katanga.

Ta nan ne Malam Zakariyya ya gan ta. Maƙwabcina ne, Bakatsine, malamin allo, mutumin kirki mai son bin diddigi. Ya tako turmi ya leƙo.

"Malam Tukur, salamu alaikum. Wannan kuma na wace ƙasar ce?"

"Ta ƙasarmu ce, Malam."

"To. Ba dai yanka za a riƙa yi a gindinta ba ko?"

"Malam, mu da muke ganin nama Sallah-Sallah? In an samu abin yankawa ai tukunya ce za ta riga ta."

Ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce shi dai in na gama in zo in daɓe masa bakin zaure, tun da simintin ya yi mini yawa.

Da ta bushe na shafe ta da jar ƙasa da toka, na ja baya na duba. Na je na yi sallama a ƙofar Inna na ce ta fito ta ga wani abu. Ta fito tana dogara sanda. Ta dubi abin daga ƙasa zuwa sama, ta sake dubawa daga sama zuwa ƙasa.

"Mi ne wanga?"

"Ƙofar Dutsi ce, Inna."

"Ta raƙuma?"

Na ce ban gane ba. Ta ɗaga hannu ta kai daidai ƙirjina.

"Nan take. Nan. In da haka take da tsawo, wa zai kai hannu ya aje tsakuwa? Da tsani ake tahiya? Ai kowa sai ya duƙa yake wucewa, har mai gari."

Na tsaya da cokalin gini a hannu. Rabona da tsayawa gaban Ƙofar tun ranar da za a kai ni makarantar kwana, ina ɗan ƙarami, Baba ya ɗaga ni sama na ɗora tsakuwata. Daga nan duk zuwana gida ta sabuwar hanya ne, mota ta sauke ni a kasuwa, in yi kwana biyu in juyo. Ashe da idon yaro na auna, na gina wa Inna abin da ba a taɓa yi ba a Tungar Baushe.

"Rushe," ta ce. "Harira, kawo mini tabarma."

Tun zuwanta Kaduna ban taɓa jin ta nemi a shimfiɗa mata tabarma a waje ba.

Daga ranar na zama lebura a gidana. Inna na zaune da sandarta tana nuni, ni ina zufa. Dutsen hagu ba a miƙe yake ba, ya ɗan jingina kamar mai jin barci. Na karkata shi, ta ce na sa shi ruku'u, na tayar. Na dama yana da tsaga daga kafaɗa zuwa ƙugu inda wani jan gwada ke zama. Na tsaga, ta ce wannan ko kyankyaso ba zai kama haya a ciki ba. Launin ma bai yi ba. Ta ce jar ƙasar Kaduna ta cika ja, kamar ta 'yan birni masu son a gan su, in ƙara toka. Rumfata ta kasuwa na bar ta a rufe, ba kuma wanda ya kira ya ce ya zo bai same ni ba. Wannan ma wani ilimi ne da na ƙaru da shi.

Ruwa ya ɗauke muna kan aikin dutsen sama. Inna ba ta sake tayar da zancen tafiya ba. Amma kullum in na wuce ƙofar ɗakinta sai na saci kallon bayan ƙyaure, ƙullin yana nan a ɗaure.

Na zuba simintin dutsen sama na goge shi sumul, ina jiran yabo. Ta miƙe ta shafa da tafin hannu.

"Ina gurabun?"

"Waɗanne?"

"Kai, a kan tebur ake aje tsakuwa? Iska ba ta kwashewa? Kowane gida da gurbinsa."

Wannan kam ban taɓa gani ba; ranar da Baba ya ɗaga ni, fuskarsa nake kallo, ba dutsen ba. Na karɓo cokalin miya wurin Harira, wadda ta ce in ya lanƙwashe in san inda zan kwana, na fara ƙwaƙule ramuka tun simintin bai kama ba. Inna na faɗa ina yi.

"Nan gidan Maƙera. Suna Funtuwa yanzu, babban ya rasu a hanya. Matsa kaɗan. Nan gidan Liman. Nan na Sarkin Noma, nasu ya fi faɗi, sun cika yawo. An ce suna wata makaranta a Gusau, aji guda su duka. Nan Ladidi mai daddawa. Tana nan garinku, wai Hayin Banki, wurin jikarta."

Ta yi ta kira ina ƙwaƙulewa. Wasu in ta kira sai ta faɗi inda suke. Wasu kuwa sai dai ta ce, "Yi dai ramin." Harira da ta fito karɓar cokalinta ta tsaya jikin bango ba ta karɓa ba. Ban san lokacin da garin ya cika dutsen ba, tun daga gidan mai gari har bukkar Fulanin da ke kawo nono.

"Namu fa?" na ce.

Ta ɗora yatsa a gefen gabas, kusa da baki. Na ƙwaƙule.

"Taka tsakuwar tana can ciki," ta ce, ba ta dube ni ba. "Fara, mai ɗigon baƙi. Duk damina sai na je na kwashe mata ƙasa."

Na ce toka ce ta shiga mini ido, na tafi bayan gida na daɗe ina wanke fuska.

Da komai ya bushe ta zagaya ta sau ɗaya, ta duƙa ta leƙa ƙarƙashi, ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Ta yi kama," ta ce. "Amma ba ita ba ce."

"Na sani, Inna."

"To."

Ta koma ɗaki. Ni kuwa na zauna kan bokiti na dubi aikina. Gyara ya ƙare, ba sauran abin da zai riƙe ta. Har na yi tunanin in fasa wani gefe da gangan in ce kaza ce.

Ranar Asabar da hantsi na dawo daga sayen burodi. Harira ta tafi gidan suna tun da safe. Na yi sallama, shiru. Ɗakin Inna a buɗe, tabarma a naɗe, sanda babu. Na leƙa bayan ƙyaure: ƙulli babu. Na juyo, sai idona ya sauka kan dutsen sama. A gurbin gidanmu ga wata 'yar tsakuwa ja, zaune daram.

Burodin ban san inda na yar da shi ba. Na fito a guje na ci karo da Malam Zakariyya a bakin zaurensa.

"Malam, ka ga Inna?"

"Na gan ta, ta hau Keke, da ƙullinta. Na gaishe ta ma, ta ce a yi mata addu'ar hanya."

"Ina suka nufa?"

Ya nuna arewa. Wajen Kawo.

Mutum mai tumbi irin nawa bai kamata a gan shi yana gudu a titi ba, amma an gani. A tashar Kawo na bi motocin Gusau ɗaya bayan ɗaya ina cusa kai ta taga. 'Yan kamasho suka yanyame ni, wannan ya ja hannu, wancan ya ja riga.

"Alhaji, Gusau ne? Saura mutum ɗaya!"

"Tsohuwa nake nema, gajera, da sanda da ƙulli."

"Alhaji, ai duk tsofaffin tashar nan ka kwatanta. Zaɓi ɗaya."

Wani direba ya ce mota ɗaya ta tashi ɗazu, akwai tsofaffi mata a ciki, bai duba fuska ba. Aka ba ni lambar direban, na kira, ba ta shiga. Na zauna kan benci kusa da mai shayi, ina ganin hanyar a raina: kwalta ta ƙare, mararraba, jan turɓaya, dajin da ba a shiga, da wata 'yar tsohuwa tana tafe da tsakuwa a hannu. Kuma ni na gina mata abin da ya tuna mata komai, gida-gida, da cokalin miya. Sai bayan azahar na iya tashi. Na ce in je gida in ɗauki abin da zan ɗauka in bi ta.

Tun daga zaure na jiyo muryar Harira tana dariya, da wata murya da ban sani ba. Na shiga. Wata tsohuwa baƙa, siririya, tana tsaye gaban Ƙofar ta dafe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta, tana kuma dariya. Inna na gefenta tana nuna mata da sanda.

"Ga naku nan, Ladidi. Na ce ya faɗaɗa, bai ji ba. Wanga mutum hannunsa sai a hankali."

Na jingina da bango.

"Inna, ina kika je?"

"Hayin Banki. Ina kai ka je, ka dawo kamar an koro ka?"

"Kawo. Na ga tsakuwa, na ga ba ƙulli..."

Harira ta tafa hannu. "Baban Atika! Kai ka gina abin, ba ka san aikinsa ba? Wanda zai tafi ya bar ka ne yake ajiye tsakuwa?"

Sai na waiga neman ƙullin. Yana kan tabarma a kwance, karon farko. Ba zannuwa ba ne a ciki. Irin gero ne na gonarmu, a cikin tsohuwar jakar fata. Inna ta ce ta ji Ladidi na da ɗan fili bayan gidan jikarta, ta kai mata rabi, kada irin ya mutu a ɗaure.

"Ɗaya rabin fa?" na ce.

"Na gida ne. In hanya ta yi kyau."

Ta ɗaure bakin jakar. Sannan ta miƙa wa Harira sandarta, ta zagaya ta bayan Ƙofar, ta duƙa a hankali, gwiwoyinta na ƙara, ta ɓullo ta cikin gida. Ta kai hannu gurbin gabas ta ɗauke jar tsakuwar, ta ƙulle a haɓar zaninta.

Tun daga ranar, ko gidan Malam Zakariyya za ta shiga gaisuwa sai ta ajiye, in ta dawo ta ɗauke. Ladidi ta gaya wa wasu, wasu suka gaya wa wasu. Ranar Juma'a yanzu sai ka ga baƙi a tsakar gidana, mutanen da rabona da su tun ina yaro, suna shafa gurabunsu suna gardama kan wane ya fi kusa da wane. Harira ta ce in haka ne in fara gina rumbu, don ba duwatsu suke ci ba.

Wata safiya zan fita rumfa, na tsinci 'yar tsakuwa a bakin rariya, na nufi dutsen. Inna na zaune tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba.

"Aje ta ƙasa. Mutum ba ya da tsakuwa biyu. Taka tana can, ba ka je ka ɗauke ba."

Na yar. Na tsaya ina kallon gurbin gabas, na tuna fara mai ɗigon baƙi, da ƙasar damina biyu da ba wanda ya kwashe mata. Sannan na duƙa na bi ta ƙarƙashi haka nan hannu wofi, ban duƙa sosai ba, dutsen sama ya kwashe mini hula.

"Ita ma ta can haka take yi wa masu girman kai," in ji Inna, ta ci gaba da tsintar wakenta.